Karyar da Auta Ya Bar Mini

Litinin, 4 ga Maris

"Mama, kafin ta haihu na dawo na ɗauke ta. Ko kallonta ba sai kin yi ba." Haka Autana ya faɗa a saƙon murya ranar da ya tafi sabon aikinsa. To, karyar tasa Baƙa ta haihu tuni, 'ya'yan har sun buɗe ido. Yau na tarar nononta ɗaya ya kumbura, ya yi tauri kamar dutse, ga zafi. Da ƙaramin cikinsu ya kai baki sai ta yi masa gurnani.

Na karanta labaran uwayen da aka yasar iri-iri. Ban taɓa cin karo da wadda aka bar wa karya mai jego ba.

Talata, 5 ga Maris

Likitan dabbobi ya zo, ya ba da ƙwayoyi. Wai in riƙa gasa mata da tawul da ruwan ɗumi, in tatse a hankali. In ya yi baƙi, sai wuƙa. Na ce ni a ɗakin karatu nake aiki, ba a garke ba. Ya ce ita ba ta san haka ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Ba ta yarda in taɓa ta. Ta yage mini bakin zane. Cikin haushi na kunna saƙon nan don in ji ƙaryar da kunnena, sai kawai ta kwanta ta miƙe ƙafa. Yanzu duk gashi sai na ajiye wayar kusa da kunnenta. Shi yana rantsuwa zai dawo, ni ina matse mugunya a tsohon kwano.

Yaya ta kira, tana dariya wai na zama ungozomar karnuka. Ta ce in bayar da ita in huta. Na ce ai abin da zan yi ke nan.

Asabar, 9 ga Maris

Na gama gashi, ta yi barci. Na sake kunnawa. Akwai inda yake jan numfashi kafin ya ce "Mama".

Talata, 12 ga Maris

Auta ya kira. Lafiyar Baƙa ya fara tambaya, tawa daga baya. Aiki ya yi yawa, maigidansu ba ya ba da hutu, in ƙara haƙuri. Na shirya masa maganganu masu kaifi tun makon jiya, amma abin da ya fito shi ne, "Kana cin abinci kuwa?"

Ita kuwa da ta ji shi, ta zubar da 'ya'yan ta ruga bakin ƙofa. Ta daɗe a tsaye. Ni dai ban tashi ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Kumburin ya sace. Nono ya fito fari, ƙaramin ya kama bai saki ba. Likita ya ce mun tsallake wuƙa, amma simintin baranda ya yi wa mai jego sanyi.

Na aika wa Auta: ƙarshen wata. In bai zo ba, zan naɗe katifarsa, in kwashe takalman nan nasa da nake gogewa kowace Asabar, in zuba a kwali. Ɗakinsa ne rana ta fi shiga da safe. Can zan mayar da ita da 'ya'yanta.