Tsatsar Injin Ban-ruwa

Goronyo, daren Talata

Da safe maigida ya tsoma ƙarfen injin ban-ruwa cikin ruwan kanwa, ya haɗa da batirin sola har ruwan ya fara kumfa. Ya ce tsatsa ba ta barin ƙarfe don kanta, sai wuta ta tilasta mata. Yana fita na zare igiyar batirin na sa cajin wayata, don littafin da nake karantawa a cikinta ya kai wurin baiko. Sai la'asar na mayar.

Ya dawo ya iske tsatsar na nan. "Mi yaf faru? Ko kanwag ga ba ta da ƙarfi?" Na ce wataƙila.

Gobe albasarmu ba za ta sha ruwa ba. Kuma shi ya ba ni haƙuri, wai ya ƙarar mini da kanwar miya a banza.