Ƙafar Ardell a Kan Katako

Milwaukee, Satumba

Zuwa ga matata Vernell,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama. Yaya ƙafar tata? Yaya zafin garin Yazoo? Ni ƙalau nake, in ban da bayan nan da kika sani.

Kwalayen da na aiko sun iso? Har babban kwat ɗina na sanyi na cusa a ciki, don ki tabbata wannan karon ba zance ba ne. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka ina gida. Shekara biyu kina jinyar Mama ke kaɗai, ni ina nan ina dakon lasifika kamar jaki. Ya isa haka.

Na faɗa wa Ardell zan bar kiɗa in dawo gida. Sama da shekara talatin ina tsaye a hagunsa da jitar bas, mai kaurin sautin nan, tun yana tasowa daga masana'antar narka ƙarfe ya wanke hannu ya ɗauki jita. Bikin aure, taron ƙungiyar ma'aikata, jana'iza, babu inda ban bi shi ba. Ko juyowa bai yi ba. Sai da na dafa kafaɗarsa na maimaita, sannan ya ce, "To Fasto, ka gaida gonar auduga." Shi ke nan sallamar. Har yau Fasto yake ce mini don ba na shan giya. Sunansa ne a jikin takardar talla, mu kuwa "da abokansa".

Amma in za a faɗi gaskiya, Vernell, mutumin nan ya iya. Bai yi suna ya wuce Wisconsin ba, faifai ɗaya tal ya fitar, kwafinsa suna nan jibge a but ɗin mota. Duk da haka idan ya ja waƙar buluz ranar Juma'a a mashayar Gorski, sai ki ga tsofaffin direbobin bas sun ajiye kofi sun yi tsit.

Tsoho Gorski ya bar wa 'yarsa Denise mashayar. Za ta fasa tsohon dandamalin katakon nan ta zuba siminti ta shimfiɗa kafet. Ban ga laifinta ba, katakon ya ruɓe. Da ma ta hana Ardell cire takalmi yana kiɗa, da mun huta da warin safarsa. Na samo wanda zai maye gurbina, Terrence sunansa, hannunsa ya fi nawa gudu.

Ki gaida Mama da mutanen coci.

Mijinki,
Lemuel

Milwaukee, Oktoba

Vernell tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Na ji daɗi da kika ce ta fara cin abinci. Allah ya ƙara sauƙi.

Abin kunya ya faru ranar Juma'a, a kan sabon dandamali. Ardell ya cire takalmi yadda ya saba, muka fara. Waƙar da ya yi shekaru yana yi ko cikin barci, sai ga shi ya riga mu shiga. Muka bi shi, ya koma baya. Mai ganga ya kalle ni, na kalle shi. Ardell yana ta murza tafin ƙafarsa a kafet kamar mai neman abin da ya faɗi. Wani daga baya ya ce, "Tsoho, a kawo maka kujera ne?" aka yi dariya. A waƙa ta uku ya ajiye jita ya fita da takalmi a hannu.

Denise ba ta yi faɗa ba. Ta ce mini, "Baba Lem, tun ina rarrafe nake jin kiɗansa. Amma idan Juma'a mai zuwa ta zama haka, dole in ba wasu wurin." Ke kin san ba shi da kowa, ba shi da komai sai wannan Juma'ar.

Washegari na je gidansa da niyyar in wanke shi tas, don na ɗauka kwalba ya koma wa. Na same shi yana soya ƙwai, ya ba ni baya. Na tsaya a ƙofar kicin na zazzage masa duk abin da na tara a ciki. Na ce shi mai girman kai ne, marowacin godiya. Ƙwai kawai yake juyawa. Da ya waiwayo ya gan ni har ya ɗan firgita, ya ce, "Fasto, yaushe ka shigo?"

Sai a lokacin na gane ko kalma ɗaya bai ji ba.

Muka zauna. Yana kallon bakina, yanzu na gane dalili. Ya ce kunnen hagu masana'anta ta cinye tun da daɗewa, na dama kuma lasifika ta ƙarasa shi. Na ce to da me yake kiɗa duk shekarun nan? Ya ɗaga ƙafa. "Kai ka zaci don ado nake cire takalmi? Lasifikarka tana kan katako, ni ina kan katako. Kai kana bugawa, yana hawowa ta tafin ƙafata. Wannan siminti kuwa bebe ne." Na ce me ya hana shi faɗa mini? Ya ce, "In faɗa maka ka yi mini addu'a?"

Na ci ƙwan. Gishiri ya yi yawa.

Ki kula da kanki.

Naki,
Lemuel

Milwaukee, Nuwamba

Matata Vernell,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Mama. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na cire ƙyauren garejin Ardell, mai kaurin nan, na kai mashaya. Na ɗora shi a kan bulo huɗu, lasifika a gefe ɗaya, Ardell a ɗaya gefen. Denise ta ce, "Sabon kafet ɗina za ku rufe da tsohon ƙyaure?" Amma da kanta ta kama mini ɗaya bakin.

Da rana muka gwada da Terrence, tunda shi zai ci gaba. Yatsunsa na tsere, babu kuskure ko ɗaya. Ardell ya tsaya ya rufe ido, can ya ce, "Ɗan'uwa, ji nake kamar na hau injin wanki." Terrence bai yi fushi ba, ya miƙo mini jitar. Na buga yadda na saba, ɗaya, in bar fili, sannan ɗaya. Ban kai ko'ina ba Ardell ya shigo daidai.

Juma'ar ta yi kyau, Vernell. Ba zan ce kamar dā ba, muryar ta tsufa. Amma wanda ya yi zancen kujera shi ya fara tashi rawa. Da aka zo gabatar da makaɗa, Ardell ya nuna ni da wuyan jita ya ce, "Wancan mai ɗaure fuskar, kunnena ne." Bayan shekara talatin. Kuma ko sunana bai faɗa ba.

Da muna naɗe wayoyi ya ce, "Ka tafi wurin matarka, Fasto. Ka dai bar mini ƙyauren a inda yake." Da roƙona ya yi in zauna, wallahi da na tafi. Amma da ya sallame ni haka, sai na kasa barinsa.

Terrence ya yarda in koya masa rage hannu. Mutum mai gudu ba ya koyon tafiya a hankali cikin mako guda, sai dai zuwa bazara. Na san nauyin da nake ƙara miki, na kuma san a can baya ma na taɓa cewa bazara ban cika ba. Idan kin yi fushi kina da gaskiya, ba zan kare kaina ba. Kirsimeti zan hau bas in zo, in karɓe ki jinya mako biyu, in gyara rufin baranda.

Jiya dusar ƙanƙara ta fara sauka. Don Allah ki buɗe kwalin da na ɗaure da igiya ja, ki aiko mini da kwat ɗina.

Mijinki, mai jiran amsarki ko wace iri ce,
Lemuel