Makullin Motar Asibitin Madakiya

Lahadi, 2 ga Yuni, 2024

Bayan sujada Rabaran Bartholomew ya sanar a majami'a cewa 'ya'yan garinmu da ke Amurka sun haɗa hannu sun aiko mana da motar asibiti, da katan-katan na magani da safar hannu da tukunyar oksijin biyu. Zumuntar mata suka hau guɗa. Ni ma na tafa. Sai na ji ya ce, "Direba kuwa muna da shi, ga Baba Leonard." Kowa ya juyo. Na yi murmushi kamar wawa.

Laraba, 5 ga Yuni

Shekara shida ban riƙe sitiyari ba. Tun ranar da tayar bas ɗina ta fashe a hanyar Kachia, matar da ke zaune bayana ta mutu da kwandon tumatir a cinyarta. Mutane sun manta, ko suna yi kamar sun manta. Na koma gonar citta, na zauna lafiya. Matata Tamar ta ce, "Baban Asher, ka je ka gaya wa Rabaran gaskiya mana." Shekara talatin da aure, har yau tana ganin magana abu ne mai sauƙi.

Asabar, 15 ga Yuni

Motar ta iso. Fara fat, doguwa, atomatik ce. Aka yi addu'a, aka danƙa mini makulli a gaban jama'a. Na zagaya filin majami'a sau ɗaya, rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Yara na ta ihu in kunna jiniya. Ban kunna ba.

Litinin, 17 ga Yuni

Na je wurin Rabaran, na ce a nemi wani. Ya ce zai yi wa Silvanus mai tifa magana, amma in riƙe makullin kafin nan. Kafin nan! Kwana nawa ke nan?

Alhamis, 20 ga Yuni

Duk wayar da ta yi ƙara sai in yi sauri in duba ko daga asibiti ne. Yau mai sayen citta ne.

Talata, 25 ga Yuni

Bari in rubuta.

Wajen ƙarfe goma na safe, ana ruwa, Sista Dinah ta ƙaramin asibitinmu ta kira. Selina, matar Yafet kafinta, ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Na ce a kira Silvanus. Ta ce, "Silvanus yana Zangon Kataf. Baba, ka zo yanzu yanzu."

Ban san yadda na isa ba. Muka ɗora ta a gado, leɓenta fari kamar takarda. Dinah ta shiga baya da ledar ƙarin ruwa a hannu, Yafet ya zauna kusa da ni rungume da jaririyar a cikin zane. Hanya duk taɓo. Ina tafiya a hankali, ina jin kowane rami a ƙirjina. Sai Dinah ta buga gilashin da ke tsakaninmu: "Baba Leonard, ba gawa muka ɗauko ba! Ka taka!"

Yafet ya ɗora hannunsa a gwiwata.

Na taka. Na kunna jiniya. Da muka hau kwalta 'yan acaɓa suka dare, wata tirela ta sauka gefe ta ba mu hanya. A babban asibitin Kafanchan suka karɓe ta da gudu. Na koma bayan mota na yi amai.

Laraba, 26 ga Yuni

Leda biyu na jini aka ƙara mata. Ba ta farka sosai ba. Da na taka tun daga farko fa? Minti goma na ɓata, ko sha biyar. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ban iya cin tuwo ba.

Alhamis, 27 ga Yuni

Shiru. Dinah ta ce a ci gaba da addu'a.

Asabar, 29 ga Yuni

Selina ta zauna, ta sha kunu, ta ba yarinya nono. Yafet ya kira yana dariya yana kuka, ban gane rabin abin da ya faɗa ba.

Da rana Rabaran ya zo da Silvanus, wai ya yarda zai karɓi makullin. Yaron kirki ne, amma tifa daban, mara lafiya daban. Ƙafarsa tana da nauyi a birki, kowa ya sani. Na ce a bari sai bayan damina, saboda hanya. Saboda hanya ne kawai. Rabaran ya ce to, yana kallon ƙasa, ina ganin dariya yake ɓoyewa.

Na wanke motar, na share taɓon ƙasan gado. Ai dole dai wani ya yi.

Tamar ta ce ta ji ina fito a bayan gida. Ni ban tuna ba.