Gadar da ta shekara ashirin da biyu a takarda

Assalamu alaikum, mai fili. Ki taimake ni da shawara kafin Litinin, don ni dai kaina ya daina ba ni amsa.

Na yi shekara talatin da ɗaya a ofishin tsara kasafin kuɗi na ƙasa. Na yi karatun tattalin arziki har ƙasar waje, na dawo ina ganin da alƙalamina za a gyara ƙasa. Abin da na tarar shi ne a ɗauko kundin bara, a sauya shekara, a ɗaure da zare, a kai majalisa a tafa.

Layi ɗaya ne nawa a kundin nan: wata 'yar gada a kan kogin ƙauyen su matata. Ba alfarma na yi ba, sai da na je na ga ana ƙetarar da mai naƙuda a kan ƙyauren ɗaki. Kowace shekara a amince, kowace shekara ba a sakin ko sisi. In aka zo rage kasafi, sai in sauya mata gida: bana ƙarƙashin noma, baɗi ƙarƙashin lafiya. Abokan aiki har Baban Gada suke kirana.

Duk ranar da aka karanta kasafi a rediyo, matata takan tambaye ni ko gadar tana ciki, in ce tana ciki, ta buga wa 'yan uwanta waya. Haka muke yi shekara ashirin da biyu.

Shekaranjiya wadda ta gaji kujerata ta kira ni. An fito da sabon tsari, za a share duk aikin da ba a taɓa farawa ba, a mai da hankali kan manyan hanyoyi da wutar lantarki. Ta ce in rubuto shafi ɗaya na hujja kafin Litinin, ko layin ya tafi. Na zauna a gaban farar takarda. Ban ji haushi ba, ban ji tausayi ba. Biro ma sai da na duba ko yana rubutu, na ajiye. Matata ba ta sani ba. In rubuta, ko in bar abin ya mutu kowa ya huta?

Tsohon ma'aikaci

Wa alaikumus salam, Baba.

Masu share ayyukan nan ba su yi laifi ba. Aljihun gwamnati ba ya ɗaukar komai lokaci guda, kuma aikin da ke takarda kawai yakan hana mutane neman wata mafita. Ka yi tunani: shekara nawa mutanen ƙauyen nan suka yi ba su je wurin wakilinsu na majalisa ba, ba su haɗa hannu sun fara ko da ginshiƙi ba, saboda surukinsu ya ce tana ciki?

Amma kogin bai ƙafe ba, mata kuma ba su daina haihuwa ba. Wadda ta kira ka tana iya sharewa ba tare da ta neme ka ba. Ta neme ka ne don kai kaɗai ka ga ƙyauren nan da idonka.

Wannan rashin jin komai da kake faɗa gajiya ce, Baba, kuma kada ka jira ta wuce. Ka fara da matarka, yau. Ka gaya mata abin da "tana ciki" yake nufi tun farko. Za ta ji zafi, amma gara ta ji daga bakinka. Sannan ka miƙa mata wayar da ta saba bugawa, ta tambayo maka mutum nawa ke ƙetarewa ranar kasuwa, yara nawa ke fashin makaranta da damina. Da wannan za ka cika shafin, ba da tsohon kundi ba. Ka ba 'yan uwanta kwafi su kai wa wakilinsu da ƙafarsu.

Mai yiwuwa duk da haka a share. In an share, aƙalla mutanen za su san inda suka tsaya, kai ma ka sauke kayan da ka ɗauka kai kaɗai.

Allah ya ba ka ƙarfin zama kusa da ita ka fara maganar, ya sa wata rana ku taka gadar nan tare.