Igiyoyi Arba'in da Ɗaya

Ni Agrafena 'yar Tihon na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, duk da Savva na cewa tsufa ya fara taɓa ni. 'Ya'yana, ku uku ku zauna ku karanta tare.

Na ɗaya. Gida na Taisiya ne, ita ta yi jinyata. Fadamar bakin kogin Oka ba za a raba ta ba, ciyawarta ta shanu ce. Savva da Miron, shekara shida ba ku gaisa ba a kanta. Kun ba ni kunya, ya isa haka.

Na biyu. Shanu uku da bijimi guda. A ƙauyukan nan kaf su kaɗai suka rage a irin jajayen shanun Gorbatov. Kakata ta ce daga duwatsun Tirol aka kawo bijimai aka haɗa da namu na bakin kogi, shi ya sa suke jawur, ga gajerun ƙafafu, ga faɗin baya. Nononsu bai kai na masu roɗi-roɗin nan yawa ba, amma a kaɗa shi a ga mai. Ga nama, ga jure sanyi. Miron, na ji ka kana cewa, "Tsohuwa dai kayan tarihi take kiwo." Na yafe maka. Kada dai a kai Kalina, ƙaramarsu, wurin baƙon bijimi. In jinin ya gauraya, shi ke nan.

Na uku, shi ne mai nauyin. Kun san ba a sayar da saniya sai da igiyarta, a miƙa ta da bakin riga, don ta manta gidansu. Shekarar da gonar haɗin gwiwar da nake wa kiwo ta rushe, ni na kora shanu arba'in da ɗaya cikin motocin mahauta, waɗanda na raina tun suna maruƙa a gindin murhu. Direba ya ce, "Iya, igiyoyin fa?" Na ce, "Inda za su ba a ɗaure kowa." Na ɓoye su. Ban so su manta da ni ba.

Ba su kuwa manta ba. Shekara talatin, duk yamma lokacin tatsa ina jin kukansu a bakin shinge. Ko ubanku ban gaya wa ba. Ranar Lahadi sai na ga Taisiya ta ajiye bokiti ta waiwayi shingen, ba kowa a wurin. Ita ma ta ji su ke nan, tun ranar nake cikin tsoro.

Igiyoyin suna akwatin ƙarƙashin gadona. Ku naɗe su a bakin rigata ku binne mu tare, ko da limamin coci zai yi gunaguni. Ni na riƙe su, ni zan tafi da su.

Allah ya yi muku albarka, ya raya 'ya'yanku. Ku yanki ciyawa tare, ku ci a tebur ɗaya, ku riƙe huɗun nan da igiyoyinsu. In kuka sallama su, sun zama arba'in da biyar, kuma ba ni za su tarar a bakin shinge ba.