Tagar Rufin Ɗakin Baba

Gaya, 3 ga Maris

Yaya Da'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Allah Ya ƙara mana haƙurin rashin Baba.

Takarda ta zo daga jami'ar da Baba ya karanci zanen gini a Viyana. Suna haɗa littafi a kan malaminsa, Farfesan nan da ya gina makarantu da gidajen ma'aikata a Ostiriya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sun lissafa gine-ginensa talatin da ɗaya. Na ƙarshe shi ne gidanmu na Ajingi, wanda suka zana tare da Baba a 1978. Hoto ɗaya suke so: tagar gilashi ta rufin ɗakin karatu, da hantsi, lokacin da haske ke sauka a kan kujerar Baba. Don Allah ka ɗauka ka turo.

Ƙanwarka,
Naja'atu

Ajingi, 9 ga Maris

Naja,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Babu taga. Na sa birkila ya toshe ta da siminti bayan sadakar arba'in. Baturen nan ƙasarsu ya zana wa, inda ake marmarin rana. Mu nan da bazara ɗakin kamar tanda yake, da damina kuma Inna ce mai jera robobin tarar yoyo. Shekara arba'in da biyar tana yi, Baba yana cewa, "Farfesa ba ya kuskure." Ki ce su zo su yi wuni ɗaya a ciki cikin Afrilu, sai su rubuta littafin.

Ki gai da maigidan.
Da'u

Gaya, 12 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ba littafinsu ne ya dame ni ba. Da idon Baba ya tafi, ni nake kai shi kujerar nan. Yakan buɗe tafin hannunsa, in ɗumi ya sauka ya ce, "Naja, hantsi ya yi." Abin da ya rage masa na dukan aikinsa ke nan. Kana da lambata, ko kira ba ka yi ba. Tun jiya na kasa ba mutanen jami'ar amsa.

Na bar ka lafiya.
Naja'atu

Ajingi, 16 ga Maris

Naja'atu,

Ni ce Innarku nake faɗa, Da'u yake rubutawa. Ina gaishe ki.

Ki daina ganin laifin yayanki, ni na sa shi. Kuma ba don yoyo ba, na saba da robobina. Kullum da hantsi hasken nan yakan zo ya sauka a kan kujera, babu kowa a kai. Kwana arba'in na jure.

Gilashin bai fashe ba, na naɗe shi a babbar rigar Malam. Ki zo ki ɗauka.

Allah Ya yi miki albarka.
Hajara