Wayar Abban Najwa

Juma'a, 5 ga Yuli, 2024

Jiya aka kai Abban Najwa. Da safe ya fita zuwa Miga wajen manoman da yake koya wa aikin gona, kafin azahar aka kawo shi a bayan motar wani, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta. Babur ɗinsa ne da motar kaya, haka aka ce. Ban tambayi sauran ba.

Falalu. Shekara shida ban faɗi sunan nan da bakina ba, bari in rubuta shi.

An miƙo mini baƙar leda: hularsa, makullin gida, da wayarsa. Gilashin ya tsage a gefe, amma tana kawo haske. Na jona ta a caji a bayan gado.

Asabar, 6 ga Yuli

Gida cike da 'yan gaisuwa. Na ɓuya a ɗaki da sunan zan kwantar da Najwa barcin rana.

Yau na tuna ɓarnar da na yi. Sati biyu da suka wuce wayata ta cika, na goge hirarmu gaba ɗaya, har saƙonnin muryarsa na shekara uku, don in sami wurin ajiye hotunan bikin wata malamar makarantarmu da ko shiri ba ma yi sosai. Ba ni da muryarsa ko ta daƙiƙa ɗaya. Duk tana cikin tasa wayar. Kusan kullum da safe sai ya ɗauki muryarsa da ta Najwa, tana karanta Ƙulhuwallahu yana gyara mata, ko yana rera mata waƙar shan koko da ya ƙirƙira, wadda ba kai ba gindi. Yarinyar shekararta uku. In ban buɗe wayar nan ba, za ta tashi ba ta san yadda ubanta yake magana ba.

Da fuska yake buɗe ta. Ya sha yi mini fariya: “Lamba ana leƙenta, Malama. Fuska kuwa tawa ce ni kaɗai.” Sai ga shi ranar Babbar Sallah ƙaninsa Muntaka ya zo daga Kafin Hausa, ya ɗauki wayar zai duba lokaci, ta buɗe masa tsaf. Na yi dariya har da hawaye. Dama fotokwafi nake kiran Muntaka, ranar kuwa na sami hujja. Abban Najwa ya fizge abarsa yana cewa wayar ce ba ta da kunya.

Akwai lambar sirri ma, guda shida. A da na san ta. Najwa ta haddace yadda yatsansa ke tafiya, ta buɗe ta kira ogansa ta yi masa surutu, shi ne ya canza a watan Mayu. Ya ce zai gaya mini sabuwar. Ni ma ban sake tambaya ba.

Ɗazu Muntaka ya shigo gaida Hajiya, mahaifiyarsu. Ina zaune kusa da ita, wayar na hannuna cikin hijabi. Ya durƙusa a bakin ƙofa, taku uku tsakaninmu. Miƙa masa kawai zan yi. Na kasa. Ɗaki cike da dangin miji, me za a ce? Mutum bai kwana uku a ƙasa ba, matarsa ta fara binciken wayarsa. Kuma fuskar ma na kasa kallo.

A bari a yi sadakar uku gobe, mutane su ragu.

Lahadi, 7 ga Yuli

An yi addu'a da safe, an watse. Bayan la'asar na cije na gaya wa Hajiya. Ina ta kame-kame, ita kuwa cewa ta yi, “To mene ne a ciki, Zakiyya? Ai da tun ranar kika faɗa.” Ta aika aka kira shi.

Ya karɓa. Ya ɗaga ta daidai fuskarsa. Shiru. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya matsa wajen haske, har hularsa ya karkata yadda yayansa yake yi. Wani ɗan rubutu ne kawai ya fito, wai a sa lambar sirri.

Ya ce, “Matar Yaya, ko ni ma ta daina gane ni ne?” So ya yi ya yi wasa, muryar ta ƙi.

Laraba, 10 ga Yuli

Tunda ina takaba ba fita zan yi ba, maƙwabciyata Maman Nanret ta kai wayar wajen mai gyara a kasuwa, a hanyarta ta dawowa daga ofis. Ta dawo ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana gyara ɗankwali kafin ta yi magana.

Wai irin wannan wayar, in ta yi kwana uku cur ba a sa mata lamba ba, sai ta daina yarda da fuskar kowa, ko ta mai ita. An yi haka ne saboda ɓarayi. Mai gyaran ya ce zai iya wanke ta ta koma sabuwa, amma duk abin da ke ciki ya tafi.

Na yi lissafi. Abban Najwa kashe wayarsa yake yi in zai kwanta, ya kunna bayan asuba, lokacin ne yake sa lamba. Alhamis da asuba ke nan. Kwana ukun sun cika Lahadi da asuba, ana shimfiɗa tabarmin addu'a a ƙofar gida. Ranar Asabar da Muntaka ya durƙusa a gabana, a buɗe ƙofar take.

Maman Nanret ta fara cewa, “Da a ce ranar...” sai ta kama hannuna.

Alhamis, 11 ga Yuli

Taku uku. Ni da nake tsawata wa aji mai yara saba'in.

Talata, 16 ga Yuli

Na gwada ranar haihuwar Najwa, ta gaba da ta baya. Ranar aurenmu. Lambar babur. Ƙarshen lambar wayata, wannan da ɗan sa rai na danna, na kuma ji haushinsa da ta ƙi. Da farko cewa take in jira rabin minti, yanzu jiran ƙaruwa yake yi. Na buɗe shafi a bayan littafin nan ina rubuta waɗanda na gwada, kada in maimaita.

Abin da ke ci mini rai shi ne ni ce mai goyon bayan lamba. Ni nake ce masa makullin da ƙaninka zai buɗe ai ba makulli ba ne. To ga shi na ci gardama. Makullin banzan shi ne zai bar ni in shiga, na kirkin ya tsaya ƙyam yana tsare masa sirri daga matarsa da 'yarsa.

Asabar, 27 ga Yuli

An kwana biyu ba wuta. Jiya na ba Maman Nanret wayar ta kai mini ofis ta yi caji. Ta ce ko cajin ya ƙare ba abin da zai goge. Na sani. Ban dai son in ga gilashin ya yi baƙi.

Litinin, 5 ga Agusta

Najwa ta ƙi shan koko. Ta ce sai an yi waƙar Abba. Na fara, na kai layi na biyu na tsaya, wallahi ban riƙe ba. Kullum ina kicin ina ce musu su rage hayaniya. Ta ce ba haka ba ne, ta ture kofin. Na tambaye ta to yaya ne, ta buɗe baki, ita ma ba ta riƙe ba.

Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo shi.

Talata, 13 ga Agusta

Sadakar arba'in. Muntaka ya zo. Najwa ta hango shi daga zaure ta ruga tana kiran Abba, ta rungume ƙafarsa. Da ya ce “Najwatu”, sai ta ɗago ta dube shi, ta sake shi a hankali ta dawo bayana. Fuska ɗaya, murya daban. Yarinya ta fi wayar wayo.

Ya fita bai ci abinci ba. Na ji tausayinsa. Ban taɓa tunanin shi ma kullum yana ganin mamacin a madubi ba.

Juma'a, 30 ga Agusta

Lamba ta sittin da ɗaya. A'a.

Asabar, 21 ga Satumba

Muntaka ya zo da wata ƙaramar waya, ya ba Hajiya ta miƙo mini. Ashe sati huɗu yana hawa babur duk Asabar zuwa ƙauyukan Miga, yana bin manoman da yayansa yake koya wa aiki, gida gida. Yawancinsu ba sa karatu, da murya Abban Najwa yake tura musu bayani. Wasu sun goge, wasu wayar ta lalace. Wani dattijo, Malam Idirisu, ya ce shi bai taɓa goge ko ɗaya ba, don bai san yadda ake gogewa ba. Allah Ya saka masa da rashin sanin nan.

Saƙo talatin da huɗu. Na riƙe wayar tun hantsi ban danna ba sai da na yi azahar.

“Salamu alaikum Baba Idirisu, Falalu ne. Kada a zuba takin nan sai ƙasa ta jiƙe, don Allah. Kuma a tona a rufe, kada a watsa a sama.”

Shi ke nan. Taki, irin gero, tsutsar masara, ranar taro. Ba Najwa, ba ni, ba waƙa. A na goma sha bakwai ya yi tari ya ce a yi haƙuri mura yake yi, na tuna murar, ni na dafa masa citta. A wani kuma, can ƙasa-ƙasa, ana jin wata mata tana faɗan an bar mata ƙofa a buɗe kaji sun shiga. Ni ce.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na kunna wa Najwa. Ta tsaya cak da cokali a hannu. Ta leƙa bayan wayar, ta leƙa ƙofa. Sannan ta ce, “A sake.” Sau tara.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yanzu ba ta shan koko sai an sa mata saƙon zuba taki. Ta haddace shi. Jiya na ji ta tana gaya wa 'yartsanarta a tona a rufe, kada a watsa a sama. Hajiya ta yi dariya, ta ƙare da share ido da gefen mayafi.

Har yanzu ina jin zafin Asabar ɗin nan. Ban jin zai tafi. Waƙar kokon tana cikin wayarsa, a bayan lamba shida, kuma ni na bar ƙofar ta rufe.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Jiya na fita takaba. Gobe zan koma makaranta.

Na rubuta lambar sirrin wayata a takarda biyu, ɗaya na ba Hajiya, ɗaya na sa cikin akwatin Najwa. Hajiya ta ce wannan wane irin fata ne, na ce ta ajiye kawai.

Da nake shara na janye gado, na ga wayar Abban Najwa a ƙasa, cajar ta zare. Gilashin baƙi. Ban san tun yaushe ba, wataƙila sati, wataƙila fiye. Shafin bayan littafin nan ya tsaya a ta tamanin da takwas, kwanan watan Satumba ne a gefenta.

Na goge mata ƙura, na naɗe ta cikin hularsa, na sa a ƙasan akwati. Ban jona ta ba. Wutar ma ai ba ta da ƙarfi yau.